Nazarin Lamari: Maharbin Gandu a Skotland da Bindigar da Ta Kasa Ɗaukar Harsashin Tagulla

Wurin da aikin

Lamarin na wani maharbi ne da ke aiki a wani gandu mai zaman kansa a tsaunukan arewacin Skotland. An sakaya sunansa da na gandun. Aikin albashi yake yi: rage yawan barewa kowace shekara, raka baƙin da suka biya kuɗin farauta, sannan miƙa naman ga dillali.

Harbin barewa a can aiki ne na dole. Tun ƙarni na 18 babu sauran kerkeci a ƙasar, don haka babu naman dajin da ke cin barewa. Ƙiyasin da gwamnatin Skotland ke aiki da shi ya kai kusan miliyan ɗaya, ninki biyu na abin da ake da shi a 1990, kuma suna cinye tsiron itatuwa tun bai kai gwiwa ba. Fiye da 100,000 ake harbewa a shekara.

Iri biyu ne a wannan gandun. Akwai jar barewa, wadda namijinta ke kai kilo 90 zuwa 190, macen kuma kilo 63 zuwa 120. Akwai kuma ƙaramar da ake kira ro, mai kilo 10 zuwa 25. Mafi yawan aikin a kakar mata ake yinsa, wato lokacin harbin matan jar barewa, daga 21 ga Oktoba zuwa 15 ga Fabrairu, cikin sanyi da iska da guntuwar rana. Tudu ne fetal babu itacen fakewa. Da rarrafe ake matsawa kusa, harbin kuma yawanci tsakanin mita 100 ne da 200.

Ga awon da za a yi ta cin karo da shi. Nauyin harsashi da giren ake faɗarsa, giren 100 kuma gram 6.5 ne. Lamba irin .243 ko .308 kaurin harsashin take nunawa a inci. Ƙarfin da yake fita da shi daga bakin bindiga da jul ake auna shi. Harsasai masu matsakaicin kauri su ne na tsakanin milimita 6.5 da 8: sun ɗara ƙananan .22 na zomo da yanyawa, ba su kai irin .375 na ɓauna da giwa ba. Ita .243, mai milimita 6.2, a bakin ƙofarsu take ta ƙasa.

1985 zuwa 2019: bindigar da ta yi daidai da doka

Dokar Skotland ta 1985 ta gindaya sharuɗɗa uku ga duk wanda zai harbi jar barewa. Harsashi ya kai giren 100. Gudunsa a bakin bindiga ya kai mita 747 a daƙiƙa. Ƙarfinsa ya kai jul 2,373. Kuma dole ya zama mai buɗewa idan ya shiga jiki. Ga ƙaramar ro, giren 50 ya wadatar.

Bindigar maharbin .243 Winchester ce. Kamfanin Winchester ya fito da wannan harsashi a 1955, inda ya ɗauki kwanson .308 ya matse wuyansa. Da harsashin dalma mai giren 100, a bututu mai inci 24, gudunsa na kai kusan mita 900 a daƙiƙa, ƙarfinsa kuma ya haura jul 2,600 kaɗan. Ya cika sharuɗɗan duka uku, kodayake a na nauyi daidai kan layi yake, babu rarar ko giren ɗaya. Bututun tasa bindigar inci 20 ne, saboda na'urar rage ƙara da ake ɗaurawa a baki tana ƙara tsawo, kuma kowane inci da aka rage yana cin kamar mita 8 a daƙiƙa daga gudun.

Ya daɗe da ita ba ta ba shi kunya ba. Shurinta a kafaɗa kaɗan ne, harsashinta na tafiya a miƙe, ana samunsa a kowane shagon bindiga a Birtaniya. Da ita yake harbin yanyawa da ro da jar barewa, ita kuma yake miƙa wa baƙon da bai taɓa riƙe bindiga ba, tunda doka ta yarda baƙo ya yi harbi da bindigar gandu a gaban mai ita.

2020 zuwa Yuli 2022: dalma ta zama abin gudu

Harsashin dalma idan ya bugi ƙashi ko tsoka yana warwatsewa. Wani sashe na nauyinsa yakan zama ɓurɓushin da ido ba ya gani, ya bazu nesa da ramin harbin. Kayan cikin da maharbi ke zubarwa a kan tudu, gaggafa da hankaki ne ke cinyewa, su kwashi dalmar tare. Sauran kuma ya bi nama zuwa tukunya. Tun 2012 hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta shawarci masu yawan cin naman da aka harba da dalma su rage, musamman masu juna biyu da ƙananan yara. Mai karatu a ƙasar Hausa ya san wannan gubar: a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara inda ake niƙa dutsen zinariya. Abin da ke cikin naman farauta bai ko kama ƙafar wancan ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalmar da za a ce ba ya cutarwa.

A Janairun 2020 aka wallafa rahoton kwamitin da gwamnati ta kafa kan sha'anin barewa, mai shawarwari 99, ciki har da a kauce wa dalma. Sai dai kasuwa ta riga doka. Ƙungiyar dillalan naman daji ta Birtaniya ta sanar cewa daga 1 ga Yulin 2022 membobinta ba za su karɓi naman da aka harba da dalma ba. Dillalin da ke zuwa ɗakin sanyin gandun ya isar da wannan saƙo. Kuɗin nama na cikin abin da ke biyan albashin maharbin, don haka zancen ya wuce na ra'ayi.

Madadin dalma shi ne harsashin tagulla zalla.

Gwaji na farko: tagulla mai giren 100

Ya nemo tagulla mai giren 100, ya kafa takardar saiti a mita 100, ya kwanta ya ɗora bindiga a kan buhun yashi. Da harsashin dalma, ramuka uku sukan taru wuri guda har kwabo ya rufe su. Da tagulla sai suka watse fiye da faɗin tafin hannu. Da ya matsa ya duba takardar, ramukan ba zagayayyu ba ne. Wasu sun yi tsawo kamar ƙwayar dabino, ɗaya ma ya fitar da siffar harsashin gaba ɗaya, daga tsini har gindi. A kwance ya iso takardar.

Ya fara da abin da kowa zai fara da shi. Ya ɗaure kusoshin madubin saiti. Ya wanke bututu tas, domin ragowar rigar ƙarfen da ke lulluɓe tsohon harsashi na iya ɓata wa sabo tafiya. Ya cire na'urar rage ƙara ya sake harbi, ko harsashin na gogar cikinta. Babu abin da ya sauya.

Maƙerin bindiga ne ya nuna masa inda gizo ke saƙar. A cikin bututu akwai murɗaɗɗun layuka da ke juya harsashi yayin fita, kuma juyin ne ke riƙe tsininsa a gaba, kamar yadda katantanwa ke tsayawa cak muddin tana juyi da ƙarfi, ta fara layi da zarar juyin ya yi sanyi. A yawancin bindigogin .243, harsashi na yin juyi ɗaya a kowane inci 10, wato santimita 25.4. A gudun mita 900, wannan ya haura juyi 3,500 a daƙiƙa. Da yawa ne, amma yawan juyin da harsashi ke buƙata ya fi rataya a kan tsawonsa fiye da nauyinsa. Gwargwadon tsawo, gwargwadon saurin juyin da zai nema.

Dalma na da nauyin gram 11.3 a kowane kubik santimita, tagulla kuwa bai cika 9 ba. Kauri ba zai sauya ba, tunda bututu ɗaya ne. Don haka idan ana son giren 100 na tagulla, sai dai harsashin ya ƙara tsawo. Murɗin inci 10 da ƙyar yake riƙe giren 100 na dalma mai tsini. Da aka ƙara tsawo, sai ya sake shi.

Tarihin bindigar kansa ya taɓa nuna wannan. A 1955 ɗin nan, kamfanin Remington ya fito da .244, mai kauri ɗaya da .243 da kwanso da ya ɗan fi girma. Amma murɗinsa inci 12 ne, ba ya riƙe giren 100 mai tsini, sai maharban Amurka suka ɗauke shi a matsayin na ƙananan dabbobi suka koma wa Winchester. Sai a 1963 Remington ya gyara murɗin zuwa inci 9 ya sauya suna zuwa 6mm Remington, a lokacin kasuwa ta riga ta watse. Murɗin da ya ba .243 nasara a wancan zamani shi ne ya gaza mata a gaban tagulla.

Akwai masu ƙera tagulla mai giren 100 da dakusasshen baki, don a rage tsawo. Ya gwada. A ranar ɗumi ramukan suka taru gwargwado. A safiyar sanyi suka sake buɗewa, saboda iska mai sanyi ta fi kauri, kuma harsashin da ke kan gaɓa a nan yake fara layi. Aikinsa kuwa kusan duk na hunturu ne. Ya ajiye shi.

Gwaji na biyu: giren 80, da aron .270

Tagulla mai giren 80 da 85, irin na kamfanonin Barnes da Hornady, ya zauna a bindigar lafiya lau. Ramukan suka dawo zagayayyu, a haɗe. Ga ro ya halatta, kuma ya yi aiki. Ga jar barewa kuwa, a lokacin, laifi ne a ƙarƙashin dokar 1985, kuma laifin bindiga na iya raba mutum da lasisinsa, wanda ke nufin rabuwa da aiki har da gidan da gandu ya ba shi. Harsashin da bindiga ta karɓa doka ta hana, wanda doka ta yarda da shi bindiga ta ƙi.

Sai aka ɗauko tsohuwar .270 Winchester ta gandun. Harsashi ne na 1925 da ya daɗe yana aiki a tsaunukan Skotland. Da tagulla mai giren 130 murɗinta bai nuna wata damuwa ba, ƙarfinta kuma ya haura jul 3,500. A hannun maharbin ta yi duk abin da ake so.

A hannun baƙi ne ta kawo cikas. Shurinta ya kusa ninka na .243. Baƙo zai yi harbin gwaji biyu a takarda, a na uku sai ka ga yana runtse ido tun kafin ƙara, yana fizgar kunama maimakon ya matsa ta a hankali. Harsashi ya sauka ƙasa ko gefe. A takarda wannan rami ne kawai. A jikin dabba, harbin ciki ne ko karyayyar ƙafa, da bin sawun jini da kare har duhu. Ga ƙaramar ro kuma, ɓarnar nama ta ƙaru.

Kafin kakar mata ta 2022: zaɓi

Hanya ta farko ita ce a sauya wa .243 bututu mai murɗin inci 8. Yana yiwuwa. Amma aikin maƙeri ne, sai kuma an kai bindigar gidan gwajin bututu a Landan ko Bamingam an buga mata hatimi, kuɗin kuma na iya kusan kai na sabuwar bindiga. Bayan haka akwai lissafi: giren 100 sai ya fita da mita 856 a daƙiƙa kafin ya cika jul 2,373, dogon harsashi kuma yana nitsewa cikin kwanso ya cinye wurin albarushi. A bututun inci 20, rarar ba ta da yawa.

Hanya ta biyu ita ce a ƙara kauri kaɗan. A nan zaɓin ya yi yawa. Akwai .308 Winchester na 1952, wanda ake samu ko'ina, bututunsa ya fi daɗewa, yana ɗaukar tagulla mai giren 130 zuwa 150 ba gardama, sai dai shurinsa na kusa da na .270. Akwai 7mm-08 Remington na 1980, mai kyau a takarda amma wuyar samu a shagunan karkara, a shekarun da harsashi ya yi ƙaranci a duniya. Akwai 6.5x55, wanda sojojin Suwidin da Norwe suka ɗauka a 1894 da dogon harsashi mai giren 156 da murɗi mai sauri. Da shi mutanen can suka shafe fiye da ƙarni suna harbin wata babbar barewa da ke haura kilo 400. Sai 6.5 Creedmoor, wanda Hornady ya fito da shi a 2007 don gasar harbin nesa, da murɗin inci 8 tun daga masana'anta, da guntun kwanson da ke barin dogon harsashi ya zauna ba tare da ya danne albarushi ba.

Ya zaɓi 6.5 Creedmoor da tagulla mai giren 120. Dalilansa biyu: shagon da ya fi kusa na ajiye harsashin, kuma shurinsa na tsakanin na .243 da na .308. Ya nemi 'yan sandan Skotland su ƙara masa sabuwar bindiga da na'urar rage ƙararta a lasisi, ya riƙe .243 don ro da yanyawa.

Oktoba 2022 zuwa Fabrairu 2023: a kan tudu

A takarda babu matsala tun ranar farko, da ɗumi da sanyi. A bututun inci 20, giren 120 na fita da kusan mita 850 a daƙiƙa, wato jul 2,800 ko kusa. Rarar nauyi giren 20, rarar ƙarfi fiye da jul 400.

A jikin dabba sai da ya sake koyo. Harsashin dalma na fashewa a cikin huhu, ɓurɓushinsa ya yi ɓarna ta ko'ina, dabba ta faɗi kusa. Tagulla bakinsa ne ke buɗewa gida huɗu ya lanƙwashe baya, ya riƙe kusan duk nauyinsa, ya ratsa ya fita ta ɗaya gefen. Barewar farko da ya harba a bayan kafaɗa, inda ya saba, sun mutu, amma sun yi gudu fiye da yadda ya saba gani kafin su faɗi. Sai ya matso da saiti gaba kaɗan, daidai layin ƙafar gaba, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji, inda harsashi zai haɗu da tsoka mai kauri da saman zuciya. Gudun ya ragu.

Ya kuma kafa wa kansa ƙa'idoji biyu. Ba ya wuce mita 200 da baƙo, domin tagulla na buƙatar gudun da ya kai kamar mita 600 a daƙiƙa kafin ya buɗe sosai, kuma gara a bar tazara mai yawa sama da wannan. Ba ya kuma harbi sai da tudun ƙasa mai laushi a bayan dabbar, tunda harsashin zai fita da sauran ƙarfinsa.

A ɗakin sanyi, jinin da ke kwanciya a kafaɗa ya ragu, abin da ake yankewa a zubar ma ya ragu. Dillali ya karɓi naman. Baƙi kuma suka daina runtse ido.

Nuwamba 2023 da Yuli 2025: doka ta motsa sau biyu

A Nuwamban 2023 majalisar Skotland ta rage mafi ƙarancin nauyi daga giren 100 zuwa 80, musamman don masu .243 su iya amfani da tagulla. Sharaɗin gudu da na ƙarfi ba a taɓa su ba. Maharbin ya ɗauko tsohuwar bindigarsa ya auna ta da na'urar awon gudu. Giren 80 sai ya kai mita 957 a daƙiƙa kafin ya cika jul 2,373. Kwalin harsashi na rubuta kusan 1,020, amma a bututun inci 24 aka auna. A nasa na inci 20 ya sauka ƙasa da 1,000. Ya halatta, da rarar da ba ta kai jul 200 ba. Ya ci gaba da amfani da ita ga ro, da ƙananan mata a kusa. Ga manyan maza da ranakun baƙi, 6.5 yake ɗauka.

A Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta sanar da shirin hana harsashin dalma a Ingila da Wels da Skotland, da wa'adin shekara uku da zai kai 2029. Layin da aka ja tsakanin manya da ƙananan harsasai milimita 6.17 ne, wanda ya sa .243 cikin waɗanda hanin ya shafa.

Hukunci

.243 ba ta gaza don rashin ƙarfi ba. Barewar da ta kashe shekara da shekaru ba su ƙara girma a 2022 ba. Abin da ya same ta shi ne tana zaune a kan gaɓa ta fuska uku lokaci guda: nauyin da doka ta nema, tsawon da murɗinta zai riƙe, da ƙarfin da guntun bututu zai bayar. Da aka sauya ƙarfen harsashi, gaɓar ta zube. Gwajin farko ya faɗi a kan murɗi, na biyu a kan doka, aron .270 kuma a kan kafaɗar baƙo.

A ganina, falalar harsasan tsakiya ita ce wannan rarar. Daga 6.5 zuwa .308, mutum na da sararin sauya nauyi, sauya ƙarfe, rage bututu, ya kuma ci gaba da zama cikin doka, ba tare da ya kai shurin da ke koya wa hannu tsoro ba. Wannan na ƙarshe ya fi komai muhimmanci a wurina, domin dabbar da aka ji wa rauni ta tsere ita ke biyan kuɗin bindigar da ta fi ƙarfin mai riƙe da ita.

Sunan da 6.5 Creedmoor ya yi kuwa, a harbin mita 600 zuwa 1,000 ya yi shi, inda dogon siririn harsashi ke yanka iska. Cikin mita 200, bambancinsa da 'yan uwansa a kaucewar iska bai wuce 'yan santimita ba, kuma babu barewar da za ta bambance shi da 6.5x55 mai shekara fiye da 130. Da shagon garin .308 kaɗai yake ajiyewa, da ita ma ta fitar da maharbin, da ɗan ƙarin horo ga baƙi. Abin da Creedmoor ya kawo na gaske shi ne murɗin inci 8 a bindiga mai araha, a daidai lokacin da harsasai suka fara tsawo.

Ga wanda ke da .243 a yau, sauyi bai zama dole ba tun gyaran 2023. Amma kafin 2029 ya kamata ya san murɗin bututunsa, ya gwada tagullar a safiyar sanyi ba da rana tsaka ba, ya kuma auna gudun da na'ura maimakon ya dogara da abin da aka buga a kwali.